Ranar sallamar mai shanyewar ɓarin jiki: abin da za ku yi

Da aka sallami Baba bayan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, murna ta hana mu tambayar komai. Mun sha wuya a makon farko, shi ya sa nake rubuta wannan.

Kada ku bar asibiti sai likita ya rubuta muku sunan kowane magani da lokacin shansa, da ranar dawowa. Maganin hawan jini ba a dainawa don an ga sauƙi, ko da maƙwabta sun kawo na gargajiya. Ku sayi na'urar awon jini, ku riƙa rubuta sakamakon a littafi.

Ku roƙi mai gashin ƙashi ya nuna muku yadda ake ɗaga majinyacin, ku gwada a gabansa. Ni da hannun da ya shanye nake jan Baba, har kafaɗarsa ta kama ciwo. Kada ku yi haka, ku tallafo shi ta baya.

Abinci ne ya fi ba ni tsoro. Ruwa zalla yana shaƙe shi, sai muka koma kunu mai kauri, cokali-cokali, yana zaune sosai, ba a kishingiɗe ba. Sai ya ƙara rabin awa a zaune kafin ya kwanta. In tari ya biyo bayan haɗiya, ku dakata, ku sanar da likita.

In ba ya iya juyawa, a juya shi duk awa 2, dare da rana, ana duba ƙugu da diddige saboda gyambo. Mun raba kwana ni da ƙannena.

In baki ya sake karkacewa ko magana ta sarƙe, ku koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.