Kafin ku biya kuɗin gida, ku gan shi da damina

'Yan uwa, in za ku sayi fili ko ku kama haya, ku je dubawa washegarin ruwa mai ƙarfi, musamman a watan Agusta.

Da rani kowane fili lafiya lau yake. Ruwa ne ke tona asirin kwari da tsohon kududdufin da aka cike da shara.

Ku duba gindin bango. In fenti na ɓarewa, ga fari-fari kamar gishiri, danshi ke hawowa daga ƙasa. Silin kuma ku nemi tabon yoyo.

Amma sabon fenti yana rufe duk wannan, rani ma haka. To sai ku kalli ƙofofin maƙwabta. In kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo, ruwa na shiga gidajen layin.