Yadda ake kafa ƙungiyar zumunci ta 'yan gari a Abuja

Ƙungiyar zumunci tsohon abu ce a Arewa. Jam'iyyar Mutanen Arewa ma da haka ta faro, ƙungiyar al'adu ƙarƙashin Dokta R.A.B. Dikko, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991, 'yan gari ɗaya da aiki ko kasuwa ta kawo suke haɗa kansu a Kubwa, Nyanya, Dei-Dei da Zuba. Kafawa ba ta da wuya. Abin da ke rusa irin waɗannan ƙungiyoyi kuɗi ne, da maganar da aka bari a baki ba a rubuta ba.

Kada a fara da rajista. A fara da mutum goma zuwa ashirin da suka san asalin juna, a yi wata shida ana zama sau ɗaya a wata, ana biyan kuɗin wata. A nan ake gane mai zuwa da mai aiko uzuri.

Sai tsarin mulki. Wurin da ya kamata a daɗe a kai shi ne babin gudummawa: nawa za a ba mamba in an yi masa haihuwa, nawa in zai aurar da 'ya, nawa in an kwantar da shi a asibiti, nawa in ya yi rashi. Kuma rashin wa? Uwa, uba, mata da 'ya'ya kaɗai, ko har da ƙanen uba? A rubuta da lamba. A rubuta kuma cewa wanda ake bi bashin wata uku ba shi da haƙƙi sai ya biya. In ba haka ba, ranar da aka ba Alhaji dubu hamsin aka ba mai gadi dubu ashirin kan rasuwa iri ɗaya, ranar ƙungiya ta fara tsagewa.

Muƙamai sanannu ne: shugaba da mataimaki, sakatare, jami'in walwala, mai tsawatarwa da ke karɓar tarar makara, sai iyayen ƙungiya masu sasanta rigima. Amma ma'aji daban, sakataren kuɗi daban. Sakataren kuɗi ke karɓa ya yanka rasit mai kwafi, ma'aji ya kai banki ya dawo da shaida, mai binciken kuɗi ya gwada littattafan biyu duk wata uku. Asusu ya zama da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, ba a cire ko sisi sai biyu sun sa. Tara kuɗi a asusun shugaba "kafin a buɗe namu" shi ne kuskuren da aka fi yi, domin in ya rasu kuɗin ya cakuɗe da gado.

Sabon mamba ya cika fom, mambobi biyu su tsaya masa, ya biya kuɗin shiga, ya yi wata uku kafin ya cancanci gudummawa. Wannan ke hana mai shiga don bikin da ya riga ya sa wa rana.

Rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ake yi, mai hedikwata a Maitama, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, ɓangaren amintattu, wato mutanen da aka zaɓa su riƙe amanar dukiyar ƙungiya, kuma ta intanet ake cikewa. Ana neman amincewa da suna tukuna. Amintattu aƙalla biyu ne, kowa ya kai shekara 18, mai cikakken hankali, wanda kotu ba ta kama da zamba ba cikin shekara biyar da suka wuce. Ana haɗawa da tsarin mulki da bayanin zaman da aka zaɓe su, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Sunan amintacce ya zo daidai da yadda yake a NIN. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa a dawo da takarda.

Bayan satifiket ya fito, doka ta hana raba kuɗin ƙungiya ga mambobi a matsayin riba, kuma ana miƙa rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. A zaɓi amintattu daga dattawan da suka zauna a Abuja da gindinsu, ba ma'aikacin da za a iya mayar da shi Legas gobe ba, domin sauya amintacce ɗaya ma sai an sake buga jarida an sake jiran kwana 28.