Idan lokotoro ya ce kina da gidan ƙwai na uku, ga abin yi

Wata ƙanwata aka yi ma sezariyen, wato aikin fiddo jinjiri ta ciki, nan Damagaram, bayan ta farfaɗo lokotoro ya ce mata ya ga wani ɗan nama a gefe mai kama da gidan ƙwai, ban da biyun da kowace mace take da su. Wallahi kafin magariba magana ta zagaye dangi, wannan ta ce ajiya aka yi mata, waccan ta ce a nemi rubutu, ita kuma sai kuka take ga jinjiri a hannu. Shi ya sa na ce bari in rubuta, don ƴar uwa in ya same ki ki san inda za ki dosa.

Ki fara kwantar da hankalinki, halitta ce, da shi aka haife ki. Tun kina gudan jini cikin uwarki, wajen sati 5 zuwa 6, ƙwayoyin da za su zama ƙwai suna tafiya ne zuwa mazauninsu, to ana kyautata zaton wani lokaci kaɗan daga ciki sai su ɓace hanya su zauna wani wuri su yi nasu gidan. Iri biyu ne, wani likita ɗan Amurka mai suna Wharton ya rarrabe su a 1959. Akwai wanda yake manne ko dab da gidan ƙwai na asali, yawanci ƙanƙane ne, akwai kuma wanda ya yi nisa abinsa, a same shi cikin kitsen hanji ko can baya kusa da ƙoda. Abu ne da ba a cika gani ba ko kaɗan, kuma galibi sai an buɗe ciki don wani aiki daban ake cin karo da shi, kamar dai ƙanwata.

Kar ki bar likita sai an rubuta miki. Wannan shi na fi damuwa da shi, don mu nan sai mu ce to mun gode mu kama hanya, bayan shekara biyar ciwo ya tashi a je wajen wani lokotoro a rasa mai bayani. Ki ce a sa cikin karne, wato littafinki na likita: wane gefe yake, girmansa nawa, an cire ko an bar shi. In an cire ki tambaya ko an aika shi labo, don ido kaɗai ba ya tabbatarwa, sai an duba naman an ga lalle na ƙwai ne. In faransanci ya yi miki nauyi ki ce ma sajfam, wato ungozomar likita, ta fassara miki da Hausa, ba abin kunya ba ne, jikinki ne.

Sannan ki nemi a yi miki ekografi, wato hoton ciki, na ƙoda da mahaifa. Dalili kuwa, ƙoda da kayan haihuwa kusan tare ake ƙera su a ciki, shi ya sa a cikin masu wannan halitta akan sami wadda ƙodarta ɗaya ce, ko mahaifarta ta rabu biyu, ba ta ma sani ba. In CSI, wato ƙaramar likitar unguwarku, ba su da na'ura su ba ki takarda zuwa babbar likita ta Zinder ki ga jinekolog, lokotoron mata.

In ba ya damunki sau da yawa barinsa ake yi ana dubawa lokaci lokaci, haila da haihuwa suna tafiya yadda suka saba. Amma tunda naman ƙwai ne, abin da ke samun gidan ƙwai yana iya samunsa, ya tara ruwa ya zama kis, ko ya yi ƙari, ko ya murɗe. Murɗewar nan ita ce ba a wasa da ita. Ciwon mara mai tsanani ya sare ki farat ɗaya gefe guda, ga amai, to dan Allah ban da jiƙo, ban da ruwan zafi, ban da bari gari ya waye ko jiran maigida ya dawo daga kasuwar Dole. Ki ɗauki karnenki, a tare kabu-kabu ko da tsakar dare ne, kuma da kin isa ki faɗa musu da bakinki cewa an taɓa ce miki kina da na uku, don su san inda za su duba.