Kuala Lumpur ko Bankok?

Jama'a, duk mai shirin kai iyali hutu yana waswasi tsakanin biranen nan biyu na Malesiya da Tailan, ni dai Kuala Lumpur zan ce, saboda abinci da sallah. A can halal ko'ina, kuma manyan kantuna, har wanda ke ƙarƙashin tagwayen benayen Petronas, suna da ɗakin sallah. Ku nemi alamar "surau". A Bankok kuwa naman alade ya cika abincin bakin titi, sai an yi ta tambaya, ko a nufi unguwar Nana inda Larabawa ke da gidajen abinci.

Amma in sayayya ce, Bankok ta fi: kasuwar Pratunam don sarin tufafi, kasuwar Chatuchak ran Asabar da Lahadi. Ku dai guji Afrilu, zafi ba kama hannun yaro.