Ka canza inji, kolektar ta ƙi zama: kurakuran da ake ta maimaitawa

A garajojin Maradi in an ce za a sauke inji a ɗora wani, hankalin kowa yana kan bwat, wato akwatin giya, da kujerun inji da wayoyi, ba mai tuna salansa sai ranar ƙarshe, an gama ɗaure komi sannan a ɗauko tsohuwar kolektar a ce bari a liƙa ta. Kolektar ɗin ita ce bakin salansa da ke kama jikin kilas, wato kan inji, tana tattara hayaƙin silinda huɗu, 'yan Kano su ce manifol. To a nan rigimar take farawa.

Babban kuskure tun wurin saye ake yin shi. Injin ɗan Kwatano ko wanda aka ɗauko daga Kano sau da yawa tsirara yake zuwa, an kwance kolektar an saida daban, mai mota ya ga an rage mishi 'yan jikkuna sai ya ce ai ina da tawa. Taka ta tsohon inji ce maigida. In da hali ka sayi inji da kolektar ɗinshi da sensar hayaƙi da guntun bututun da ke ƙasa, ko da farashin ya ɗan hau, don abin da za ka ba mai walda daga baya ya fi haka. In kuma dole tsirara za ka ɗauka, tafi da jwan ɗin tsohuwar kolektar, wato abin da ake sawa tsakaninta da kilas don hana yoyo, a aljihu, ka ɗora shi a kan kilas ɗin sabon injin tun ba ka biya ba. Ramukan noti su hau, ramukan hayaƙi su hau. In ɗaya ya kauce to ka san akwai aiki.

Sai masu cewa ai duka Toyota ne. Toyota ne, amma ba gida ɗaya ba. Dubi Corolla: injin 4A-FE mai lita 1.6 hayaƙinshi ta gaba yake fita, wajen radiyata, bututun ya sauka ya bi ƙarƙashin inji. 1ZZ-FE mai 1.8 kuwa an juya shi, hayaƙi ta baya yake fita, wajen bangon da ke gaban direba. Wanda ya ɗora 1ZZ a mazaunin 4A ba maganar gyaran kolektar yake ba, sabuwar hanya zai shata wa salansa gaba ɗaya. Ko cikin gida ɗaya ma akwai tarko, 7A-FE mai 1.8 ɗan'uwan 4A ne, kolektar tana iya kama kilas lafiya lau, amma bulok ɗin 7A, wato gangar jikin injin, ya fi tsawo da kamar milimita 15, sai ka ga bututun ƙasa bai kai ba. Haka injin 5E yake da 4E. Abin da yaran garaji ke yi sai su sa ƙarfi su ja da noti har ya haɗu, ranar dai shiru, bayan 'yan makonni ƙarfen ya tsage ko ƙusar kilas ta karye. Gyaran mai sauƙi ne, a yanka bututun ƙasa a ƙara tsawo, a bar kolektar ta zauna ba tare da an matsa mata ba. Masu Hilux da Hiace na gazuwal su ma, 2L da 3L da 5L dangi ne, amma kolektar mai turbo daban take da marar turbo.

Wani abin da ba a cika lura ba, injin da aka ciro daga motar Japan sitiyarinta a dama yake, namu a hagu. A motocin da injin ke kwance daga gaba zuwa baya kamar Hilux, bututun da can yake da fili nan yana iya cin karo da sandar sitiyari. Na ga inda ake ɗaukar guduma a lotsa bututun don ya wuce, wannan shaƙe inji ne da hannunka, kuma da inji ya motsa a kan robobinshi zai riƙa taɓawa. A bar tazara ko ta yatsa biyu ce.

Maganar sensa kuwa ita ce ke cin aljihu a ɓoye. An ɗora injin injeksiyo a motar da ta zo da kafireto, tsohuwar kolektar ba ta da ramin sensa, sai a naɗe wayar a ɗaure gefe a ce ba ta da amfani. Kwamfutar motar da wannan sensa take gane ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, in babu ita sai ta riƙa zuba mai a makance, buji ya yi baƙi, mota ta sha isansi kai kana zagin injin. A walda mata mazauni a inda bututu huɗun suka haɗu, kafin katalizer, tukunyar nan da ke tace hayaƙi. A duba irin ta kuma, yawanci mai zare ce da ake ɗaurawa da sifana 22, amma tsofaffin Toyota wasu da noti biyu ake kama ta, kuma mai waya ɗaya ba ta maye gurbin mai waya huɗu. Ko sensar tana nan, in jwan yana yoyo sama da ita iska na shiga, sai ta faɗa wa kwamfuta ƙarya, sakamakon ɗaya ne. Shi ya sa tsohon jwan da aka shafa wa gam ba tattali ba ne. Sabo za a sa, a goge fuskar kilas, a ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan fuskar kolektar a ga ko ta lanƙwashe, a ɗaure daga notin tsakiya zuwa na gefe, bayan mota ta yi zafi ta huce a sake bi. In akwai ramin EGR, wanda ke mayar da wani hayaƙi cikin inji, da ba a amfani da shi a toshe da faranti da jwan.

Zafi. Hayaƙin injin isansi yana wuce digiri 600 a kolektar, ga watan Afrilu a nan da rana ke haura 40, amma farantin da ke kare zafi shi ake fara jefarwa wai yana ƙara. A mayar da shi. A duba wayar demarer, tiyon birki, robar kardan da fankar radiyata, duk wanda ya kusanci bututu a janye shi.

Walda kuma, kolektar ta asali yawanci ƙarfen zubi ce, in aka buga mata sandar walda ta ƙofa kusa da ɗinkin za ta sake tsagewa, tana son sandar nikel da a ɗumama ta tukuna a bar ta ta huce a hankali. Kar a cire guntun nan mai laushi kamar saƙa da ke ƙarƙashin injin Corolla ko Starlet a sa miƙaƙƙen bututu, shi ke shanye girgiza. Faɗin bututu ya bi girman inji, na Starlet 1.3 zai shaƙe 1.8, ƙato kuma zai kashe ƙarfin tashi sai ƙara kawai. Kuma kar a bar bututun ya sauko ƙasa da karter, kaskon man da ke ƙasan inji, hanyoyin ƙauyukan Dakoro da Mayahi ba sa yafewa.

Kafin ka karɓi mota, a tada ta da sanyi ka saurara, yoyo yana yin tik tik wanda ke raguwa in ƙarfe ya yi zafi, kuma za ka ga baƙin toka a gefen jwan. In kana jin warin hayaƙi a cikin mota ko ciwon kai bayan tafiya da gilas a rufe, a koma garaji a ranar, iskar da ke kisa a cikin hayaƙin ba ta da wari.