Yadda na gyara fentin falona da ya koma kamar kogo

A shago na zaɓi ruwan toka daga katin launuka, ya yi min kyau sosai. Da aka shafa, falon ya yi duhu, ga wani shuɗi-shuɗi yana leƙowa. Ashe tsohon fentin bangon ne, mai fenti ya hau kansa kai tsaye. Kuma tagar falon ɗaya ce tal.

Na ce masa, "Malam, a wannan karon ba za mu sayi bokiti ba tukuna." Na sayo ƙananan gwangwanaye uku, muka shafa kowanne a bango, faɗin kamu biyu, gefen taga da kuma lungu. Na bar su kwana 2 suka bushe, ina dubawa da safe, da la'asar, da dare a hasken ƙwan lantarki. Wanda na fi so da rana, da dare sai ya koma kamar kunun kanwa!

Ruwan madara ya ci. Muka fara da farin shafi ya rufe shuɗin, sannan shafi biyu na fentin ruwa. Ƙasan bango, inda yara ke dafawa, fentin mai na sa, tsumma kawai yake buƙata.