Yadda na tsayar da yoyon jirgin kamun kifina a Dadin Kowa

Jirgina na faiba ne, wato zaren gilashi da ake daskararwa da gam, nakan shiga dam ɗin Dadin Kowa da shi in jefa ƙugiya don sha'awa. Sai ya fara tara ruwa ta baya, wajen da ake ɗaura inji, alhali jikinsa ba tsaga.

Da na ƙwanƙwasa bangon bayan, na ji ya yi taushi. Ashe katako ne a tsakiyar faibar, kuma maƙeran sun huda ramukan noti ba su toshe gefensu ba. Ruwa ya riƙa bi ta nan har katakon ya ruɓe. Wannan ganganci ne ƙwarai, domin bangon nan ke ɗauke da nauyin inji da turinsa.

Na kwance injin, na yanke faibar ciki, na ƙwaƙule ruɓaɓɓen, na bar wurin ya bushe ƙayau. Kafinta ya yanko min filawud mai jure ruwa, na shafe shi da gam ɗin resin, musamman gefe-gefensa, na lulluɓe da ƙyallen faiba. Ramukan kuwa na faɗaɗa su, na cika da resin, da ya daskare na sake hudawa. Yanzu noti ba ya taɓa katako, yoyon ya tsaya.